Musajala: wasan da ke buɗe bakin ɗalibi



A kowane aji akwai wanda ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu. Karatun yana kansa, tsoron dariyar mutane ke rufe mishi baki. Maganin da na gani da idona shi ne wasan da Larabawa ke kira musajala.

Ga yadda ake yi. A raba aji gida biyu. Rukuni na farko su kawo baitin waƙar Larabci. Rukuni na biyu sai su amsa da baitin da ya fara da harafin da wancan ya ƙare da shi. In ya ƙare da lamun, a kawo mai farawa da lamun. Wanda ya kasa, maki ya tafi wajen abokan karawa.

Akwai dabara a ciki. Burda ta Busiri tana da baiti wajen 160, duk da mimun suke ƙarewa. Wanda ya haddace ta zai yi ta jefa muku mimun har naku ya ƙare kaf. Alfiyyar Ibn Malik kuwa baiti dubu ne da 'yan kai, kuma ƙafiyarta tana canzawa, saboda haka ita ce rumbun tsira. Ishiriniya an jera ta bisa haruffa. Ka ga kenan mutum ɗaya ba zai riƙe duka ba, dole a raba aiki: wannan ya ɗauki Burda, wancan Alfiyya.

Dokoki biyu ne suka sa wasan ya zama na kowa a ajinmu. Ta farko, ba mai amsawa sau biyu sai kowa a rukuninsa ya amsa. Ta biyu, an yarda a raɗa wa mutum farkon baiti in ya kakare. Da haka gwanin aji ya koma mai taimako, kuskure kuma ya zama na rukuni duka. Akwai wani ƙaninmu mai in'ina da a da ko suna aka kira sai ya sunkuyar da kai. Ran da ya kawo baitin da ya ba mu nasara, aji ya ɗau kabbara. Yanzu shi ke fara tashi.

Wani zai ce ai wasa ne kawai. To, mu 'ya'yan zango mu tuna: mai neman gurbi a Azhar ko Jami'ar Madina, ko aikin koyarwa, ko tafinta, wata rana zai zauna gaban manya su yi mishi tambaya baki da baki. Takardar shaida ba za ta amsa mishi ba. Wanda ya saba tashi gaban mutum talatin ya yi kuskure ya gyara, wannan zama ba zai kaɗa mishi hanta ba.

Wasan ba ya cin ko sisi. Ku roƙi Malam minti goma sha biyar a ƙarshen darasi, ku gwada.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.