Matasan Dakoro: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

Kowace shekara, da zarar an ɗaure damman hatsi an rore wake, garuruwan gundumar Dakoro sukan fara sakin samarinsu. Wasu su yi kudu zuwa Maraɗi, Kano ko Legas, wasu su bi ta Agadas su faɗa Libiya ko Aljeriya. Tun shekarar 2014 kuma, lokacin da aka gano zinariya a Jado, wasu suka koma bin ramukan haƙo a tsakiyar hamada. Ci rani tsohuwar al'ada ce, ba kuwa abin kunya ba ne ga ɗa namiji. Abin da ke tada hankalin iyaye a yau shi ne, tafiyar da a da ake yi don neman kuɗin aure ko na tufafi ta zama tilas, don gida ba shi da aikin da zai riƙe yaro har faɗuwar damina.

Lissafin a fili yake. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da dubu 600 a gundumar, bayan an cire mata Bermo a 2011. Al'ummar Nijar a lokacin tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara, wato takan ninka kafin shekara 20, kuma kusan rabinta yara ne da ba su cika shekara 15 ba. Gonar da ta ciyar da kaka ita ce jikoki goma ke rabo. Damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran watannin shekara kuwa sai zaman fada da shan shayi. Gwamnati ita ma ta daɗe da barin ɗaukar duk wanda ya fito makaranta da takarda a hannu.

To amma Dakoro ba matalauciyar ƙasa ba ce. Garin yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, daidai inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. Kwarin Tarka ya ratsa gundumar, kuma ta wannan yanki iyakar noma da dokar 1961 ta shata ta bi: kudu manoma, su Kornaka da Birnin Lalle, arewa Fulani da Buzaye da garkunansu. A kasuwannin Sakabal da Dakoro ake haɗa shanu, raƙuma, tumaki da awaki waɗanda manyan motoci ke kwasa zuwa Nijeriya. Nan ne gizo ke saƙar. Dabba takan fita da ƙafafunta, sau da yawa a rame. A can ake turke ta, a can ake yanka ta, a can ake jeme fatarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai aikin yi ne da aka ɗora a mota aka kai wa ƴaƴan wasu. Ƴan kasuwa sun ɗanɗana haɗarin dogara ga ƙofa guda, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ga faɗuwar naira da ta cinye ribar masu kai dabbobi.

Akwai misali a cikin gundumar kanta da ya nuna irin aikin da ke ɗorewa. A 2003, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam, VSF, tare da ƙungiyar Karkara ta Nijar, suka girka wani tsari a Dakoro: likitan dabbobi mai zaman kansa ya buɗe asibiti da ɗakin magani, sa'an nan aka horar da mataimaka daga cikin ƴaƴan ƙauyuka da rugage. Mataimakin yakan ɗauki magani wurin likita, ya bi rijiyoyi da kasuwanni yana yin allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki, makiyayi ya biya shi, ya mai da uwar kuɗi ya riƙe ribarsa. Tsarin ya bazu zuwa wasu gundumomi, har gwamnati ta karɓe shi a matsayin hanyar kai kiwon lafiyar dabbobi kusa da makiyaya. Sirrinsa guda ne: mai dabba ne ke biyan ladan aikin, saboda haka aikin ba ya mutuwa ranar da masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu.

Mata ma sun nuna hanya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, wanda ya ginu a kan adashin da aka gada: mata su riƙa zubi kowane mako a asusu, su ba junansu bashi, su raba riba a ƙarshen zagaye. Daga nan ne tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashen Afirka da yawa. Haka nan habbanaye, al'adar Fulani ta ba wa marar hali aron dabba har ta haifa masa, ƙungiyoyin agaji sun are ta don raba wa mata awaki. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, takan haifi tagwaye, tana da nono, kuma budurwa na iya kiwonta a bayan ɗaki. Cukun da matan makiyaya ke yi da damina, lokacin da nono ya yi yawa, kaya ne da ake nema a Maraɗi da Yamai.

Ba a raina ayyukan gaggawa da aka yawaita bayan yunwar 2005 da ta 2010, inda ake biyan mutane kuɗi ko abinci don su haƙa ramukan rabin wata a kan fako. Sun ceci gidaje, sun kuma mai da ciyawa inda ta ƙaura. Sai dai aikin ƴan makonni ne. Yana zama sana'a ne in filin da aka gyara yana da masu tsaro, aka yanke ciyawarsa da tsari, aka adana ta har bazara lokacin da dami ke tsada. Sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a cikin gona, wanda ya samo asali a jahar Maraɗi a farkon shekarun 1980, shi ma ya nuna cewa ganye da ƴaƴan gawo da itacen wuta dukiya ce da ƙasa ke bayarwa kowace shekara in an kula da ita.

Cikas ɗin ma sanannu ne. Na farko fili: in gona ta cinye burtali, kiwo ya mutu, rigima ta tashi. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tanadi haƙƙin kowa, kuma shirin PASEL na ƙasar Suwis ya taimaka wajen shata burtalai a wannan yanki. Saura kwamitocin filaye su tsaya tsayin daka. Na biyu horo: cibiyoyin koyon sana'a sun fi ba da ƙarfi ga ɗinki, walda da kanikanci, alhali ƙauye guda ba ya ciyar da tela goma. Na uku jari, don banki ba ya sanin wanda ba shi da takardar fili. Na huɗu kuwa raini: har yanzu akwai saurayin da zai yarda ya yi dako a Tarabulus amma ya ƙi fawa ko jima a garinsu, wai don ba gadon gidansu ba ne. Duk shirin da ya sa sharaɗin takardar makaranta kuma ya riga ya rufe ƙofa ga ɗan makiyayi, da almajiri, da yarinyar da aka aurar tun tana ƙarama, su ne kuwa suka fi yawa.

Ƴan kasuwa da ma'aikata ne ke riƙe da mabuɗin. Alhajin da ke lodin shanu kowane mako yana iya ba samari goma raguna da dusa su turke masa kafin babbar salla, a raba riba bisa yarjejeniya a gaban shaidu. Magajin gari yana iya mai da wani kaso na harajin kasuwar dabbobi ga ruwa, mayanka mai tsabta da rumfar shanyar fata. Ma'aikacin kiwo ko na noma yana iya auna nasarar shiri da yawan matasan da ke cin abinci da sana'ar shekara uku bayan an rufe shi, maimakon yawan waɗanda suka halarci taron horo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba magabata ikon dubawa, ya ba matasa zuciyar kamawa.