Ba Kowane "Sanyi" Ne Ƙwayar Cuta Ke Kawowa Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, idan saurayi ya fara jin zafi a ƙasan mara ko raɗaɗi wajen fitsari, nan da nan abokai a hostel za su ce "ai sanyi ne", a garzaya kemis a sayo kafso. Wani zai yi wata uku yana sha, ciwon na nan daram.

Sau da yawa matsalar daga furostet take, wato ƙullun nan mai nauyin kusan giram 20 da ke ƙasan mafitsarar namiji. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu kumburinta, idan aka auna, ba a samun ƙwayar cuta. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bincike a kai shi ne garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa furostet. An gwada hakan a kan ɓeraye a Jami'ar Kordoba ta Ajantina.

Me ke faruwa? Fararen ƙwayoyin jini na harba wasu sinadarai masu iskar oksijin don ƙona abokan gaba. In babu abokin gaba, naman jikinka za su ƙona, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Jiki na da masu kashe wannan wuta: SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, da katalas, da gulutatayon. 'Yan SLT sun san katalas: ɗiga haidirojin feroksaid kan ɗanyar hanta, ka ga kumfa. Idan wutar ta fi ƙarfin masu kashe ta, kumburi ya daɗe, har ingancin maniyyi na iya raguwa.

To sai a sayi ƙwayoyin bitamin? A'a. Binciken SELECT da aka yi kan maza sama da 35,000, yawancinsu a Amurka, ya nuna a 2011 cewa masu shan bitamin E kullum sun fi kamuwa da sankarar furostet da kashi 17 cikin 100.

Zogale, tumatir, gwaba da miyar kuka da ke kasuwar Daura sun fi arha kuma sun fi aminci, ko da yake abinci ne, ba magani ba. Ka bar taba, ka rage dogon zama kan babur. In ciwon ya wuce 'yan kwanaki, ko ya zo da zazzaɓi, ajiye kunya ka je Babban Asibitin Daura a auna fitsarinka kafin ka haɗiyi kafso ko ɗaya.