"Review": Kalmar da ake yi wa fassarar gyara alhali bita take nufi

Duk lokacin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kafa kwamitin da ake kira "Constitution Review Committee", kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan ce an kafa kwamitin gyaran kundin tsarin mulki. Wannan fassara ta wuce gona da iri, domin tana ɗora wa kalmar alƙawarin da ba ta ɗauka ba.

Kalmar "review" ta shigo Turanci ne daga Faransanci, tushenta kuwa Latin, inda take nufin sake gani. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne bita ko sake dubawa. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san ta sarai: idan alƙalin wasa ya je gefen fili ya sake kallon bidiyo, yana iya soke hukuncinsa, yana kuma iya tabbatar da shi. Bita dai an yi, ko an sauya wani abu ko ba a sauya ba.

Tana da 'yan uwa da ake yawan cakuɗa su da ita. "Revise" na nufin a sake duba rubutu ko lissafi a kuma gyara shi, kamar yadda ake yi wa kasafin kuɗi. "Amend" na nufin yi wa doka kwaskwarima, a cire wani sashe ko a ƙara. Shi kuwa kundin 1999, kalmar da ya yi amfani da ita a sashe na 9 ita ce "alter", wato sauyawa, shi ya sa ake kiran dokokin da suka taɓa shi "Alteration Acts".

Tsakanin bita da sauyi akwai doguwar tafiya. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan Majalisar Dattawa da na Wakilai sun amince, sannan majalisun dokokin jihohi aƙalla 24 cikin 36 su goyi baya. Idan abin ya shafi babi na huɗu, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam, sai an sami kashi huɗu cikin biyar a majalisun biyu. Daga nan kuma a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu.

Bita da yawa sun tsaya a hanya. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin da ya ƙunshi batun tazarcen Obasanjo, sauran gyare-gyaren da ke cikinsa suka bi shi. A 2015 Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a gyara na huɗu. A watan Maris na 2022 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 68, suka ƙi amincewa da waɗanda suka shafi ƙara wa mata wakilci, abin da ya jawo zanga-zanga a ƙofar majalisar. Wanda ya kai gaci, kuma matasa ba za su manta da shi ba, shi ne na rage shekarun tsayawa takara da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018. Ya rage na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25.

A kotu ma haka abin yake. Bayan Kotun Ƙoli ta ba Hope Uzodinma kujerar gwamnan Imo a Janairun 2020, Emeka Ihedioha ya nemi ta sake duba hukuncinta. Ta saurari buƙatar, ta kore ta a watan Maris. Neman bita bai sauya komai ba.

Inda kalmar ta fi cizo shi ne a harkar farashi. Hukumomi da kamfanoni ba su son furta kalmar ƙari, sai su ce "price review" ko "upward review". Hukumar NERC tana daidaita kuɗin wutar lantarki ne ta hanyar bitar da take yi lokaci-lokaci, kuma a Afrilun 2024 ta kai kuɗin masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku na abin da suke biya a da. Ma'aikata kuwa sun san wata fuskar kalmar: dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta tsayar da naira 30,000 tare da bita bayan shekara biyar, ta 2024 ta kai shi naira 70,000 ta kuma rage wa'adin zuwa shekara uku. Dokar ta wajabta a zauna a duba, amma adadin da za a cimma sai an yi ciniki.

Akwai kuma "under review", amsar da jami'i kan bai wa ɗan jarida idan an tambaye shi ina aka kwana kan wani rahoto ko kwangila. Ba ta ɗauke da rana, ba ta ɗauke da sunan mai alhaki, don haka tana iya shekara ana maimaita ta.

Saboda haka, idan mai karatu ya ci karo da "review" a sanarwar gwamnati, tambayoyi huɗu ya kamata ya yi: wa zai yi bitar, yaushe za a kammala, za a fitar da sakamakon ga jama'a, kuma wa ke da ikon mayar da shi doka? Muddin babu amsa, abin da aka yi alƙawari shi ne dubawa kawai.