Jaririn da aka haifa da yamutsattsen ciki: abin da ya kamata iyaye su sani

Jama'a masu saurarenmu, na karkara da ƴan uwa da ke ƙasashen waje, yau a filin kiwon lafiya mun ɗauko wata lalura da ba kasafai ake ganinta ba, amma in ta shigo gida tana tada hankali.

Sai a haifi jariri, ungozoma ta ga cikinsa ya yi faɗi, ya saki, fatar ta yamutse kamar busasshen dabino, har ana iya hangen motsin hanjinsa. A takardar likita sunan lalurar Prune Belly. Tana samun jariri 1 cikin dubu 30 zuwa dubu 40, kuma kusan 95 cikin 100 maza ne.

Abu uku ne ke haɗuwa. Naman da ke riƙe ciki bai ginu ba, ko ya ginu kaɗan. Mafitsara da hanyoyin da ke kawo fitsari daga ƙoda sun buɗe fiye da kima. Ga ɗa namiji kuma, ƴaƴan maraina ba su sauko ba.

To, a nan ne muke son ku kasa kunne. Ido fata yake gani, amma haɗarin yana can ciki. Fitsarin da bai fita duka ba yana kwanciya, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sannu a hankali ƙoda ta lalace. Rashin ƙarfin naman ciki kuma na hana yaro tari sosai, shi ya sa ciwon huhu ke saurin kama shi.

Tun yaro na cikin uwa abin ke farawa. Ba laifin uwa ba ne, ba a ɗauka, kuma ba aikin iska ba ne. Don Allah kada a yi masa tsaga ko ɗuri.

Sau da yawa hoton eko na lokacin awon ciki na nuna shi kafin haihuwa. In an haihu a gida aka ga haka, kada a jira ranar suna. A kai shi likita mafi kusa, su tura shi babban asibiti a duba ƙoda da jini. Zazzaɓi, ƙarancin fitsari, ƙin nono ko numfashi sama-sama, ba a kwana da su.

Akwai taimako: maganin ƙwayoyin cuta, robar fitar da fitsari, da tiyatar sauko da maraina da gyaran ciki. Wasu jariran lalurar kan zo musu da tsanani, amma da yawa na girma, su je lakwal kamar kowa, in ana bibiyar ƙodarsu.

Ƴan uwa na nesa, in aka kira ku da irin wannan labari, ku fara aiko da kuɗin mota zuwa asibiti kafin kuɗin rago. Allah Ya raya mana zuri'a.