Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Asalin Kalmar "Gainsay"

Duk mai karanta jaridun Turanci na ƙasar nan ya sha cin karo da jimlar nan "there is no gainsaying the fact", musamman a sharhin edita da jawaban manyan ma'aikata. Da yawa sukan wuce ta ba tare da sun gane ba, waɗansu kuwa sukan ɗora mata ma'anar da ba tata ba.

Ita dai "gainsay" aikatau ce, ma'anarta musanta magana, watau mutum ya ce abin da aka faɗa ba haka yake ba. Tsohuwa ce ƙwarai, gama tun wajen shekara ta 1300 ake samunta a rubuce. Gaɓa biyu aka haɗa: "gain", wadda a tsohon Turanci take nufin gaba da abu, ita ce kuma ke cikin "against", sai "say", watau faɗi. Haka aka gina takwararta "contradict" daga Latin. Tana nan cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, amma a Ingila ta yau ba kasafai ake jinta a hira ba, sai a rubutu mai nauyi.

Ga inda ake tuntuɓe. Akwai wata "gain" dabam mai nufin riba, wadda ta shigo daga Faransanci. Sai ka ga mutum ya raba kalmar gida biyu, ya ɗauka ana nufin babu riba a faɗin abu. To, in gwamna ya ce babu mai musun cewa manoma na bukatar taki, tafinta ya juya ta wai babu amfanin yin maganar taki, ashe an sa wa gwamna magana a baka, an kuma haɗa shi faɗa da manoma.

Saboda haka sai a kiyaye abu uku. Kalmar ɗaya ce, ba a raba ta. Galibi da korewa take tafiya, kamar a ce babu mai iya musantawa. In kuwa aikin ya wuce, "gainsaid" ake rubutawa.

Mai fassara ba shi da uzuri, domin Hausa tana da "babu musu", da "ba jayayya", da "ko tantama babu". Ɗalibin da bai tabbatar da ita ba kuwa, gara ya rubuta "deny" ya tsira da makinsa.