Murzuna, ɓarawon hatsi

Manomi ya yi shuka, ya yi noma, hatsi ya fidda kai. Ran girbi sai ya tarar da zangarniya duk an zana mata hanya kewaye-kewaye, ba tsaba. Wannan aikin murzuna ne.

Tun bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 tsutsar nan ta yi ƙarfi a gonakin Nijar.

Uwar murzuna wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka. Takan zuba ƙwai bisa zangarniyar da ta fara fitowa. Cikin ƴan kwanaki ƙwai ya ƙyanƙyashe. Tsutsa ta fara cin bununi, daga baya ta dinga yanke gindin tsaba tana kewaya zangarniya. Bayan kamar wata guda sai ta sauka, ta shiga ƙasa, ta kwanta duk rani. Da damina ta dawo, sai ta fito da fukafukai, ta sake zuba ƙwai.

Feshin magani ba ya cika kai mata, don a ɓoye take cikin zangarniya. Ga kuma tsada.

Amma murzuna tana da abokin gaba. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, ƙarami ƙwarai. Macen takan harbi tsutsa, tsutsa ta kasa motsi. Sai ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Ba ya taɓa hatsi, ba ya harbin mutum ko dabba.

Ma'aikatan INRAN na Maraɗi sun fara kai ƙwaron nan ƙauyuka a shekarar 2006. Cikin ƙananan buhunan algarara ake sa shi, tare da hatsi da wata tsutsa da yake ci. Buhu 15 ake ba gari guda. Ana rataye su kusa da gonaki, inda ruwa ba ya jiƙa su. Ƙwari su fita ta ƙofofin buhu, su bazu.

Lokaci shi ne babban abu. Da hatsi ya fara fidda kai, manomi ya riƙa duba zangarniya da safe. In ya ga tsutsa, ya gaya wa mai gari da malamin gona tun da wuri. Garin da aka rataye buhu kuma, kada a yi feshi, don maganin yana kashe ƙwaron da ke tsaron hatsi.