Ko Kun Sani? Awon Adalcin Tambayoyi Daga Binciken Cutar Daji Ya Fito

Jami'o'in Amurka da dama kan raba wa sababbin ɗalibai takardar tambayoyi don hasashen waɗanda za su iya barin karatu. To, idan wata tambaya ta fi yi wa mata nauyi fa? Ɗaya daga cikin dabarun gano haka, Nathan Mantel da William Haenszel na cibiyar binciken cutar daji ta Amurka ne suka fitar da ita a 1959. A shekarun 1980, Paul Holland da Dorothy Thayer na hukumar shirya jarrabawa ta ETS suka kawo ta fagen jarrabawa. A wannan dabarar, ana haɗa maza da mata masu jimillar maki iri ɗaya. Idan duk da haka amsoshinsu ga wata tambaya sun sha bamban, tambayar ake tuhuma, ba ɗaliban ba.